Dogo Mai Faci da Kwanon Bawul

Mai aski yana tsakiyar gyara wa wani dattijo ƙeya sai wayarsa ta yi ƙara. Ba ya ɗaukar waya da kilifa a hannu, amma ran nan tun safe hankalinsa bai kwanta ba, domin rumfar faci da ke manne da shagonsa tana kulle har rana ta ɗaga, abin da bai taɓa gani ba. Ya ɗauka. Ƙanin Dogo mai rumfar facin ne.

"Sai dai haƙuri. Yaya ya rasu da safen nan. Ya tashi zai ɗaura wa karensa igiya su fita, ya ce bari ya ɗan zauna. Shi ke nan."

Mai aski ya kashe kilifa. Ya tsaya yana kallon madubi, ba kansa yake gani ba, ba dattijon ba. Ta cikin madubin ana hango gefen rumfar Dogo, da tulin tsofaffin tayoyi, da bahon ruwan da yake tsoma tiyub ya nemi inda iska ke fita. Dattijon ya dube shi, ya kwance ƙyallen wuyansa da kansa, ya ninke ya ɗora a kan kujera.

"Je ka, ɗana. Rabin kan nan zai jira ka."

Dogo ake ce masa tun yana yaro, kuma sunan bai yi ƙarya ba. Shi ya kafa rumfarsa da hannunsa, amma sai ya auna ta da tsayin sauran mutane, ya manta da nasa. Shekara da shekaru yana buga goshi a katakon bakin rumfar, kullum yana cewa gobe zai ɗaga shi. A wajen ƙanin mahaifinsa ya koyi faci, ya zo layin nan yana saurayi da jak ɗaya da famfon hannu. A watan da ya kafa rumfa mai aski ya kama shagon gefe. Ranar farko Dogo ya leƙo ya ce, "Kai Almakashi, ara mini guduma." Sunan ya bi shi ke nan. Ba wanda ke kiran mai aski haka sai Dogo, kuma ba zai yarda wani ya kira shi ba.

A kwano ɗaya suke cin abincin rana, a kan benci ɗaya, suna gardama a kan abin da bai kai ya kawo ba. Tare suka yi ta zarya a asibiti lokacin da matar Dogo ta haifi tagwaye mata, shi ya sa har yau mai aski ba ya kiranta sai Maman 'Yan Biyu. Tare suka ga yaran sun girma, sun yi karatu, aure da aiki sun kai su garuruwa masu nisa. A tsakanin nan wata doguwar jinya ta taɓa kunnen Maman 'Yan Biyu. Ta warke, amma jinta ya yi nauyi. Sai ka tsaya gabanta ta ga bakinka kafin magana ta shiga. A buga ƙofa har hannu ya yi zafi, tana tsakar gida tana shara ba ta sani ba.

Da yaran suka tafi, Dogo ya yi sanyi. Gida ya yi shiru, shi ma ya yi shiru. Ya yi ƙiba, hawan jini ya kama shi, likita ya ce ya riƙa takawa da safe. Dogo ya ce to, ya koma kan bencinsa. Mai aski ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya gaji.

Wata rana bayan an ɗauke ruwan sama Dogo ya ɗaga wata tsohuwar tayar babbar mota zai zubar da ruwan da ya taru a ciki, sai ya tarar da ɗan kwikwiyo a dunƙule, jiƙe sharkaf, ƙashin haƙarƙari a waje. Ko kuka ba ya iyawa, sai wani ɗan siririn sauti kamar iska na fita daga bawul ɗin taya. Dogo ya naɗe shi a tsumma ya ce, "To, Bawul, ka zo gidan gyara."

Mai aski ya ja bencinsa baya. Kare ya taɓa cizonsa a sha-raɓa yana ƙarami, tabon na nan har yanzu, kuma tun daga ranar ko hoton kare ba ya son gani.

"Dogo, abin nan ba zai tako mini shago ba."

"Wa ya ce yana son askinka? Ko mutane ma haƙuri suke yi."

Amma abu na farko da Dogo ya koya wa Bawul shi ne iyakar shagon mai aski. Akwai ɗan tudun siminti tsakanin rumfa da shago. Duk tsawon rayuwarsa a layin nan Bawul bai taɓa ɗora ƙafa a kan tudun ba. Zai zo daf da shi ya zauna, ya karkata kai yana kallon gashi na zuba, amma ba ya ƙetarewa.

Dogo bai yi zurfi a makaranta ba, sai dai ba ya jin kunyar tambaya. Ya ɗauki kwikwiyon ya kai wa likitar dabbobi, wata mata mai fara'a a bayan kasuwa, ya yi ta yi mata tambayoyi har ta ce ya bari ta sha ruwa. Ita ta yi wa Bawul allurar rigakafin hauka, ta ba da maganin tsutsar ciki, ta nuna masa yadda ake cire kaska da hantsaki ba a bar kanta a fata ba. Sauran kuwa Dogo da haƙurinsa ya gano su. Bai taɓa dukan karen ba. Yakan ce wanda ya saba neman hujin da ido ba ya gani ba ya gaggawa. A aljihunsa kullum akwai guntayen busasshen kifi da ya zare wa ƙaya. Kalmominsa gajeru ne: zauna, zo, tsaya, bari. In Bawul ya yi daidai, ɗan kifi da shafa a wuya. In ya kuskure, Dogo ya kau da kai kamar bai gani ba, a sake daga farko.

Kare kuwa ba ya jin uzuri. Gari na wayewa Bawul zai ɗauko igiyarsa a baki ya tsaya a bakin ƙofa. Takawar da likita ya kasa sa Dogo ya yi, sai ga ta kullum, har bayan gadar jirgin ƙasa su dawo. Tumbin ya sauka. Dariyar ta dawo. Mutumin da ya daina magana ya koma wanda ba a iya tsayar da shi, duk direban da ya kawo taya sai ya ji labarin Bawul kafin a sa masa iska. Yaran layi da suke jifan karnuka suka koma suna neman izinin riƙe igiya, Dogo yana koya musu kada su zo wa kare ta baya, kada su taɓa shi yana barci.

Aikin da Dogo ya fi alfahari da shi a gida aka yi shi, kuma da mai aski aka yi, ba da son ransa ba. Wata ranar hutu Dogo ya tsayar da shi a ƙofar gida ya ce, "Kai dai buga. In na ce sake, ka sake." Mai aski ya yi ta bugun ƙofa kamar mai neman mafaka, maƙwabta na leƙowa. A ciki Dogo yana jan Bawul zuwa wurin matarsa, ya sa shi ya taɓa ƙafarta da hanci, sannan ya ruga bakin ƙofa. Haka suka yi ta yi makonni. Ranar da ƙofar ta buɗe mai aski ya ga Maman 'Yan Biyu ce tsaye, ba Dogo ba, tana dariya tana share ido da gefen mayafi, sai ya manta yatsunsa na ciwo. Daga baya Dogo ya ƙara da butar shayi mai fito, da warin abin da ke ƙonewa a kan wuta. Da ya ga aikin ya zauna, sai ya raba wa karen yini: bayan yawon safe yana gida tare da ita, in rana ta karkata ya zo rumfa da kansa, da yamma su koma tare.

A rumfar ne wata rana Bawul ya tsinci wani abu a bayan tayoyi ya haɗiye. Maganin ɓera ne wani ya yar a cikin guntun burodi. Dogo ya sungume shi a kafaɗa ya yi bayan kasuwa da gudu ba takalmi. Likitar ta yi abin da za ta iya, kare ya tashi. Dogo ya dawo idonsa jajur, ya ce ba za a sake ba.

Sai ya shirya wa cin abincin Bawul tsari, ya kafe a kai. Sau ɗaya a yini, a rumfa, kafin a tashi. Dogo zai ɗaura wata tsohuwar rigar aiki da ya keɓe don haka. Bawul zai hau wata shimfiɗaɗɗiyar taya ya zauna ya miƙa wuya. A taje shi da buroshi daga ƙeya har wutsiya. A ɗaga ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya a duba tsakanin yatsu ko akwai ƙusa ko tsinken waya, domin rumfar faci ba ta rabuwa da su. A leƙa kunnuwa. Sai an gama duka a ajiye kwano, Dogo ya ƙwanƙwasa bakin kwanon da bayan buroshi. Sannan Bawul zai ci. In babu wannan, ko tsokar nama aka jefa masa zai kalle ta ya kau da kai. Direbobi sun sha gwada shi suna dariya. Dogo ya wanke hannu da sabulu, ya rataye riga da buroshi a ƙusa, ya kulle. A gida ruwa kawai karen ke sha. Maman 'Yan Biyu ita ke dafa abincin ta zuba a roba mijinta ya tafi da shi, amma ba ta taɓa ganin yadda ake ba shi ba. Dogo ya tuna da ɓera, ya tuna da mugun mutum, bai tuna da ranar da ba ya nan ba.

Bayan an yi jana'iza Bawul ya daina cin abinci. Maman 'Yan Biyu ta ajiye masa shinkafa da romo, ta ajiye kifi, ta ajiye madara. Ya sha ruwa, ya kwanta a bakin ƙofa. Kowa ya ce baƙin ciki ne, kare ya san maigidansa ya tafi. Mai aski ma haka ya ɗauka, shi da ko nasa abincin ba ya iya haɗiyewa. Likitar dabbobi ta zo har gida ta duba, ta ce ba ta ga ciwo ba, amma in ya ci gaba a haka ba zai jima ba. Tagwayen suka yi iya kwanakin da aiki ya ba su, suka koma suna kuka.

Sai ƙarfin karen ya fara ƙarewa. Wata rana ƙanin Dogo ya daɗe yana bugun ƙofa ba a buɗe ba, har ya haura ta katanga. Ya tarar da tukunya ta ƙone ƙurmus, hayaƙi ya cika kicin, matar yayansa na ɗaki tana ninke kayan mijinta, Bawul kuwa ya ja jiki har tsakiyar tsakar gida ya kasa ƙarasawa. Ƙanin ba mugun mutum ba ne, tsoro ne ya kama shi. A gaban mai aski ya durƙusa daidai fuskarta, ya yi magana a hankali don ta ga bakinsa.

"Yaya, ba zan iya barinki ke kaɗai a nan ba. Ki shirya, za ki koma wurinmu. Akwai ɗaki."

"A saman benenku? In zauna ina kallon bango?" Ta dubi bishiyar lemon da Dogo ya dasa shekarar da aka haifi yaran. "A gidan nan na san inda komai yake ko da ido a rufe. Ga Bawul."

"Yaya, dubi Bawul ɗin."

Ta juya ta kalli karen. Mai aski ya fita da sauri don kada a ga fuskarsa.

Abin mamaki, duk da wannan rauni, in rana ta karkata karen sai ya lallaɓa ya fito, yana tafe yana hutawa, har rumfa. Mai aski ya sha jefa masa burodi daga bayan tudun siminti, yana cewa, "Ci mana, kai ma kar ka tafi." Washegarin ranar tukunyar, dattijon nan ya dawo a ƙarasa masa aski, ya ce ya gaji da kwana da hula. Mai aski yana taje masa gashi, sai idonsa ya faɗa cikin madubi. Ya ga Bawul. Ba kwance yake ba kamar mai makoki. Ya hau shimfiɗaɗɗiyar tayar nan, ya zauna tsaf duk da ƙafafunsa na rawa, ya miƙa wuya, idonsa a kan tsagar ƙofar rumfa, daidai inda ƙusar take.

Matajin ya tsaya a hannun mai aski.

"Baba, karen nan ba ƙin ci yake yi ba. Jira yake yi."

"Ni ma jira nake yi," in ji dattijon. Sai ya kalli madubin. "Je ka."

Dama Dogo yakan ajiye makulli ɗaya a aljihun teburin mai aski. Ya buɗe rumfar. Warin roba da gam ya buge shi, ya dafa katako sai da numfashinsa ya dawo. Ya wanke kwanon, ya aika aka karɓo romo da 'yar shinkafa daga wurin Maman 'Yan Biyu. Da farko ya nemi hanyar sauƙi. Ya tura kwanon da sandar tsintsiya daga nesa, ya miƙa hannu ya ƙwanƙwasa da buroshi, ya ja da baya. Bawul ya kalli kwanon, miyau na zuba, jikinsa na ɓari. Bai sauko daga tayar ba. Ya sake miƙa wuya.

"Ashe sai an bi layi," in ji dattijon daga bakin shago. "Wanda ya koyar da shi bai san rabin aiki ba."

Mai aski ya sauke tsohuwar rigar daga ƙusa. Ta sauko masa har ƙasa da gwiwa, sai da ya naɗe hannuwan. Tabon ƙafarsa ya ji kamar yau aka yi shi. Ya matso, ya durƙusa, ya ɗora buroshin a ƙeyar karen. Bawul ya shinshina rigar, ya yi wannan ɗan siririn sautin da ya ba shi suna, ya sauke kunnuwa.

Daga nan hannu ya karɓi aikin. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana bin kwanciyar gashi ba sai an gaya masa inda zai bi ba, ga shi kuma ya yi shekaru yana kallon wannan tajewar ta madubi yana cewa ba ya kallo. Daga ƙeya har wutsiya. Gashin da ya dunƙule a bayan kunne ya warware shi da yatsa. Ya ɗaga ƙafar farko yana jiran haƙori, sai karen ya miƙo masa ta biyu da kansa. A tsakanin yatsun ƙafar baya ya sami ɗan tsinken waya ya zare. Ya leƙa kunnuwa. Ya jawo kwanon gaban tayar, ya juya buroshi, ya ƙwanƙwasa.

Bawul ya sauko ya sa baki.

Mai aski ya zauna a ƙasa cikin ƙurar rumfa, a cikin rigar abokinsa, ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Dattijon ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "Kare ya sami cikakken gyara har da duba kunne. Ni kuwa sai zuwa na uku."

Likitar ta ce a riƙa ba shi kaɗan kaɗan har cikinsa ya saba. Mai aski bai tsaya nan ba, domin ya ga inda abokinsa ya yi tuntuɓe. Ya kwashi taya da buroshi da kwano da riga ya kai gidan. A ƙarƙashin bishiyar lemo ya nuna wa Maman 'Yan Biyu komai, yana yi tana kallo, sannan tana yi yana gefe. Ranar farko Bawul ya ƙi ci daga ƙwanƙwasawarta sai da mai aski ya dafa buroshin tare da ita. Bayan 'yan kwanaki ya karɓa. Ƙanin Dogo ya zo ya tsaya yana kallo da hannu a aljihu, mai aski ya miƙa masa rigar.

"Ni kuma?"

"Kai ma. Ba za a sake barin abin nan a hannun mutum ɗaya ba."

Da ƙarfin karen ya dawo, ƙanin ya ce yana so ya gani da idonsa. Suka fita waje su biyu ba su gaya mata ba. Mai aski ya ɗaga hannu ya buga ƙofar da ya fi kowa sanin katakonta. Suka ji gudun ƙafafu a ciki, suka ji shiru, sannan takun silifa. Ta buɗe, Bawul na gefenta yana kaɗa wutsiya.

"Ku ne? Yanzu fa kuka fita."

Ƙanin ya sosa ƙeya ya ce, "Yaya, ɗakin nan dai yana nan in kin so hutu." Bai sake tayar da maganar ba.

Yanzu ita ke ciyar da Bawul da yamma. Yawon safe kuwa ya faɗa wa mai aski, har bayan gadar jirgin ƙasa su dawo, kuma matarsa ta ce ya daina nishi in ya sunkuya. Wani matashi ya kama rumfar, abu na farko da ya yi shi ne ɗaga katakon nan. Mai aski bai hana shi ba, amma ya shiga shago ya daɗe yana goge madubin da ba datti.

Yakan tuna yammacin ƙarshe. Ba abin da ya bambanta shi da sauran. Ya fito yana kakkaɓe ƙyalle, Dogo na durƙushe gaban taya yana taje karen, sai ya ɗago ya miƙo masa buroshin ta saman tudun siminti.

"Almakashi, zo ka gwada. Gashi ne kamar kowane gashi."

"Hannun da ke taɓa kan manyan mutane? Allah ya sawwaƙe."

"Wannan ya fi su zama wuri ɗaya. Kuma ba ya cewa an rage masa gefe."

"Ka ji da abinka, Dogo."

"Ai ina ganinka ta madubi. Hannunka ya riga ya iya, kai ne dai ba ka sani ba." Ya ƙwanƙwasa kwano, ya miƙe yana kwance riga. "Sai da safe, Almakashi."

"Sai da safe. Sunkuya, ga katako nan."

"Gobe zan ɗaga shi."